Makau Gyartai da Ƙwaryar Idon Rijiya

Ranar da ƙwarya ta yi wa Makau magana babu wanda ya ji sai ƙadangaru, domin a lokacin duk faɗin Kwarin Ɗinya ba sauran ɗan Adam sai shi kaɗai. Rijiyar garin ta ƙafe, mutane sun ɗaure kayansu sun watse, har karnuka sun bi bayansu.

Rijiya ɗaya ce tal garin yake sha, kuma duk rani akan yashe ta. A can ƙasa, kife a kan idon ruwan, akwai wata tsohuwar ƙwarya da aka tarar tun kakanni. Mai yasa yakan ɗaga ta, ya kwashe laka, ya mayar da ita yadda ya same ta. Ba wanda ya san dalili, ba kuma wanda ya taɓa tambaya. To, wata shekara gwiwar tsofaffin masu yasa ta gaza, aka tura samari. Samari suka ga ƙwarya ta tsage daga baki har gindi, suka ce wannan ai tarkace ce, suka aiko ta sama cikin guga aka watsar a juji. Har da cika baki, wai rijiya ba ta taɓa ganin tsafta irin ta bana ba. Ta kuwa ga tsafta, don ba a jima ba ko laka guga ya daina kawowa.

Makau gyartai ne, wato mai ɗinke ƙwaryar da ta fashe. Sana'a ce da ba a yi mata kiɗa, ba a kuma ba mai ita wurin zama a gaba ranar biki. Amma yana da wani hali, ba ya iya wuce tsagaggiyar ƙwarya ya bar ta a ƙasa. Da ya ga ta rijiya a juji sai ya ɗauka, ya kakkaɓe, ya rataye a ɗakinsa, ya manta da ita.

Da gari ya tashi, 'yarsa Tasalla, wadda ita kaɗai Allah ya bar masa, ta yi roƙon duniya ya bi su ita da mijinta. Ya ce ina, kabarin uwarta Yalwa yana nan, shi ba zai tafi ya bar ta ba. Akwai taurin kai a ciki, kada mu ɓoye masa, amma akwai so. Tasalla ta yi kuka ta ƙoshi, ta ce, "Baba, ranar da ruwa ya dawo rijiyar nan, ni ce farkon wadda za ka gani a ƙofar gida." Wannan maganar ita ta riƙe shi. Yakan yi doguwar tafiya ya ɗebo ruwan wani kududdufi, ya dawo ya zauna yana kallon hanyar da ta bi. Kaɗaici ya ci shi har ya kai yana gaida ƙadangaru da sunayen maƙwabtansa na da.

Wata rana da hantsi, don dai hannu ya sami abin yi, ya sauko da ƙwaryar nan. Ya huhhuda gefen tsagar da basilla, ya cusa auduga. Da zaren kaba ya saba ɗinki, amma ranar zuciyarsa ta raya masa ya ɗauko ragowar zare mai kauri da Yalwa ta kaɗa kafin ta rasu, wanda ya daɗe yana adanawa. Ya ɗinke tsaf, da ya zo ƙarshen tsaga ya yi irin ƙullinsa, ya zagaya ya sake zagayawa, ya komo ta ƙarƙashi ya ja. Yana yanke zare sai ya ga ruwa ya taru a gindin ƙwaryar, garai-garai, bai fi cikin ludayi ba.

"Sannu da aiki, ya kai mai basilla," in ji wata 'yar murya.

Makau ya waiga dama da hagu, ya yi a'uziyya, ya ce, "Mutum ko aljan?"

"Aljana ce, amma kwantar da hankalinka, yau ko ɗan tsako ya fi ni ƙarfi. Sunana Raɓa. Ni ke tsaron idon rijiyarku tun ba a haifi kakan kakanka ba, wannan ƙwarya kuwa ita ce ɗakina, ita ce kuma marfin ƙofar ruwa. Ranar da samarinku suka jefar da ni, Zuƙau, ifiritun ƙarƙashin ƙasa, ya kafa baki a idon ya shanye rabonku. Ɗan ruwan nan da kake gani shi ne abin da ya rage na raina. In ya ƙare na ƙare, rijiyarku kuma ta mutu ke nan."

Makau ya ce, "To, baiwar Allah, ni me zan iya? Gyartai ne ni."

"Ƙafa gare ka, ni ba ni da ita. A ƙarshen ƙasarmu akwai Alƙalin da Maɗaukaki ya naɗa, wanda annabawa suka yi bushararsa. Ka kai ni gabansa in yi ƙara, don a shari'armu ba a karɓar ƙara sai daga bakin wanda aka zalunta."

Nan Makau ya tuna wani tsohon malami matafiyi da ya taɓa kawo masa ƙoƙon tawada ya ɗinke. Yana ɗinki malamin yana cewa, "Ka riƙe sana'arka, gyartai. Annabawa sun faɗa a cikin littattafai cewa Ubangiji ba ya ƙarasa fasa abin da ya tsage, kuma shari'arsa ba ta gajiya a hanya sai ta isa inda aka aike ta." A lokacin Makau ya ɗauka daɗin baki ne irin na mai son a yi masa aiki kyauta. Yanzu ya dubi hanyar da Tasalla ta bi, ya saɓa jakar kayan aikinsa, ya ɗaura igiya ya sauka rijiya da ƙwarya a hannu. Idon ruwan ya buɗe masa kamar ƙofar rumbu, ya sunkuya ya shige.

Ya fito a wata ƙasa mai jan sama, ba tsuntsu ba ciyawa. Ya yi ta tafiya har ya iso wani kogi da yashi ke gudu a cikinsa maimakon ruwa, yana tumbatsa yana ruri. A bakin gaɓa ga wani aljani mai ƙafafun zalɓe, zaune cikin wani ƙaton masaki da zai ɗauke iyali guda, yana ta kwashe yashi da tafin hannu yana zubarwa.

Makau ya yi sallama. Aljanin ya ce, "Ni ne Sarkin Fito. Ba mai haye kogin nan kyauta, ya kai ɗan Adam, ladana kuwa kurɓi ɗaya daga abin da ke hannunka. Maƙogwarona ya manta ɗanɗanon ruwa."

"Ranka ya daɗe, ruwan nan ba nawa ba ne, amana ce. Amma na ga jirginka yana shan yashi ta gindi. Tun yaushe?"

"Tun ina saurayi. Ban taɓa hutawa ba, in na daina kwasa zan nutse."

Makau ya sa aka jawo masakin tudu aka kife. Ya zauna ya ɗinke tsagar har zaren kabarsa ya ƙare ƙaf. Da suka koma kogi ko ƙwayar yashi ba ta shigo ba. Sarkin Fito ya rasa yadda zai yi da hannuwansa, ya ɗora su a gwiwa, ya sauke, ya sake ɗorawa. Da ya ajiye Makau a hayi sai ya ce, "Ka biya har da ƙari. Ga shawara, a gaba akwai masu kyauta, ka fi tsoronsu a kan masu ƙwace."

Makau ya ci gaba. Ƙwaryar da aka ɗinke dole ta yi naso, shi ya fi kowa sani, ga shi kuwa yana jin sanyin ruwa yana bin tsintsiyar hannunsa kaɗan-kaɗan. Yakan ce, "Raɓa, kina nan?" Ta ce, "Ina nan." Amma duk amsawa muryar tana ƙara nisa.

Can ya hango wani birni yana walƙiya, ganuwarsa santsi kamar bayan ƙwai. Sunansa Birnin Sumul. Mutanensa kyawawa ne har ido ya gaji, ba mai tabo, ba mai giɓi, ba mai furfura. Suna ganin ɗinkin ƙwaryarsa suka riƙa kawar da kai kamar sun ga mushe, suka tasa shi gaba har fadar Magajiyar birnin.

Magajiya ta yi masa murmushi ta ce, "Maraba da baƙo. Mun ji labarin amanar da ka ɗauko, mun kuma tausaya maka. Dubi hannunka, rabin ruwan ya bi hanya." Ta tafa hannu, aka kawo wani kwanon zinariya mai marfi. "Juye a nan, ko ɗigo ba zai zuba ba. Tsohuwar ƙwaryar kuwa ka ba dogaraina su jefa bayan ganuwa, don a birnin nan ba ma kwana da abin da ya tsage."

Gaskiya maganarta ta shige shi. Ya kira Raɓa don ya ji ta bakinta, ba ta amsa ba, gajiya ta kwantar da ita. Har ya karkata ƙwaryar a bakin kwanon sai ya ji wani nishi yana tasowa ta taga. Ya leƙa. A bayan ganuwa ga tarin tukwane masu giɓi da tabarmi masu yaga, a tsakaninsu kuma ga aljanu a zube, guragu da makafi da tsofaffi, har da jarirai masu shanyayyen hannu. Ba wanda ke kuka da ƙarfi a cikinsu, sun daɗe da sanin ba mai ji.

Makau ya miƙar da ƙwaryarsa ya rungume. Ya ce, "Ranki ya daɗe, na gode. Amma wannan ɗakinta ne. Sau ɗaya aka jefar da ita a garinmu, har yau ba mu gama gani ba. Da hannuna ba za a sake ba."

Murmushin Magajiya ya ɗauke. Ta ce, "To, ka bi ta ƙofar da irinku ke bi." Dogarai suka ingiza shi ta ƙofar shara. Waɗanda ke zube a wurin suka riƙa miƙo hannu suna shafa ɗinkin ƙwaryar, ba su taɓa ganin abin da ya fashe aka gyara ba. Wani tsohon gurgu ya nuna masa hanya ya ce, "In ka isa, ka ambace mu." Makau ya ce in Allah ya yarda.

Daga nan ƙasa ta miƙe fetal, ba tudu ba kwari. A bakin wani fili da rana ke tsaye a tsakarsa ba ta motsi, ya tarar da wata doguwar tsohuwa tana shara, ba ta ko ɗaga kai.

Ta ce, "Ni ce Mai Shara. Ba mai shiga filin nan sai ya bar mini abin da zan share. Ko ka zuba ruwan nan a ƙasa, ko ka ba ni sawunka."

Makau ya ji daɗi ya ce, "Iya, ai sawu mai sauƙi ne. Ga shi nan birjik a bayana."

"Ba sawun ƙasa ba, ɗan Adam. Sawunka a zukatan mutane. Duk wanda ya san ka zai wayi gari bai taɓa saninka ba."

"Har 'yata?"

"Da ita zan fara, don nata ya fi zurfi."

Makau ya dubi ƙwaryar hannunsa. Ya daɗe tsaye yana kallon ɗan ruwan da ya rage. In ya zubar, Tasalla za ta tsufa a garin wasu tana tunawa da uban da ba za ta dawo wurinsa ba, Raɓa kuma ta mutu a hannunsa. In ya ba da sawu, za ta dawo, amma ba wurinsa ba. Tun da yake bai taɓa jin abu ya yi masa ciwo haka ba. Daga ƙarshe ya ce, "Share, Iya. 'Yata ta sha ruwan garinsu ko da ba ta san ni ba."

Tsohuwa ta ja tsintsiya a gabansa. Bai ga komai ya canja ba, sai dai wani sanyi da ya ratsa shi, irin na wanda aka rufe wa ƙofa yana waje.

Ya shiga fili. Rana ta sauko masa a ka. Ya cire hula ya rufe ƙwarya, ya tuɓe riga ya ƙara, ya sunkuya yana yi mata inuwa da ƙirjinsa, duk a banza. Ruwa ya koma cikin cokali, ya koma kamar hawaye. Can ya ji Raɓa ta ce, "Makau, barci nake ji." Ya ce, "Daure, mun kusa," alhali bai san ko sun kusa ba. Da ya sake ɗaga rigar, gindin ƙwarya ya bushe ƙamas. Ya sa yatsa ya shafa, ya kira sunanta, ya sake kira. Shiru.

Ya zauna daɓas a kan yashi. Ita kaɗai ce ta rage mai kiran sunansa a duniya da ƙarƙashinta, ga shi ita ma ta yi shiru. Ya so ya yi kuka, ido ya ƙi kawo ruwa. Ya ɗaga kai ya ce, "Ya Ubangiji, na ba da abin da nake da shi, ga hannuna ba komai. Malamin nan ya ce shari'arka ba ta gajiya. Ni dai na gaji." Ba wanda ya amsa masa. Da zama ya ishe shi sai taurin kan nan nasa ya motsa, ya ce ko ba mai ƙara, ai a ga ɗakinta a san an yi zalunci. Ya miƙe yana jan ƙafa da busasshiyar ƙwarya a ƙirji.

Ya zaci fada zai tarar. Sai ga wata bishiyar gamji ita kaɗai a ƙarshen fili, inuwarta cike da halittu iri-iri, kowa ya yi tsit. A gindinta wani yana zaune a kan tsohuwar tabarma, haske ya hana a ga fuskarsa sosai. Ba shi da sanda, ba shi da mai yi masa kirari, muryarsa kuwa ƙasa-ƙasa take, sai an kasa kunne ake ji.

Ya ce, "Matso, Makau."

Da Makau ya ji an kira sunansa sai ya matsa ya durƙusa. Ya faɗi abin da ke tafe da shi. Alƙali ya ce a kira Zuƙau. Ƙasa ta tsage, wani ifiritu ya fito, cikinsa kamar tsauni, in ya motsa ana jin ruwa yana kaɗawa a ciki.

Zuƙau ya ce, "Allah ya gafarta wa Alƙali. Ni ban fasa ƙofa ba, a buɗe na tarar. Masu rijiya da hannunsu suka jefar da marfin. Sannan ina mai ƙarar? Ni dai ban ga kowa ba sai busasshiyar ƙwarya a hannun wani ɗan Adam da ko 'yarsa ba ta san shi ba."

Makau ya sunkuyar da kai. Alƙali ya ce, "Miƙo ta." Ya karɓa da hannu biyu yadda ake karɓar jinjiri, ya bi ɗinkin da yatsa a hankali tun daga baki har ƙulli. Ya ce, "Zaren nan da danshi."

Ashe zaren Yalwa ya sha nason nan duk tsawon hanya ya riƙe. Da a kwanon zinariya ne, rana ta lashe komai ba ta bar wurin ɓuya ba.

Zuƙau ya yi dariya ya ce, "To, a matse mu gani!"

Alƙali ya ce, "Ba a matsa wa mai rauni don ya yi magana. Za mu jira ta."

Ya riƙe ƙwaryar a inuwa, aka yi ta jira. Halittu suka gaji suka gyara zama, Zuƙau ya yi tsaki ya yi gunaguni, Makau kansa ya fid da rai. Hannun Alƙali bai sauka ba, bai kuma yi rawa ba. Can wani ɗigo ya taru a bakin ƙullin, bai kai ƙwayar riɗi ba. Alƙali ya sunkuya ya kai kunnensa, ya daɗe yana saurare.

Da ya ɗago sai ya ce, "Mai ƙara ta yi magana, na kuma ji. Mutanen Kwarin Ɗinya sun raina abin da ke tsaronsu don ya tsage, sun kuma sha ƙishin wautarsu, ba zan wanke su ba. Amma kai Zuƙau, ka san ɗakin da mai shi. Ka ji numfashinta a juji, ka ce ba ta da ƙarfin kawo ƙara. Raunin mai abu ba ya mayar da abinsa naka. Ka mayar da ruwan nan duka."

Zuƙau ya buɗe baki ba da sonsa ba, ruwa ya yi ta kwarara yana nutsewa ƙasa ya nufi gida, har ifiritun ya tsomare ya koma kamar tsohuwar salka. Raɓa ta cika ƙwaryarta fal. Zuƙau ya faɗi yana kuka, ya ce shi da ciwon ƙishirwa aka halicce shi, in an bar shi haka zai mutu. Makau ya ɗauka za a ce ya mutu mana. Sai Alƙali ya ce, "Kai ma ba za a ƙarasa ka ba. Ruwan ambaliya da ke rushe ɗakunan talakawa da damina, shi ne rabonka, ka sha iya cikinka."

Makau ya tuna alkawari, ya ambaci waɗanda ke zube a bayan ganuwar Birnin Sumul. Alƙali ya ce, "Ba su da ƙafar zuwa, don haka ni zan je musu in ji daga bakinsu." Ya miƙe ya fara naɗe tabarmarsa.

Makau ya yi ta maza ya ce, "Allah ya gafarta maka, saura ni. A sa Mai Shara ta mayar mini da sawuna."

Alƙali ya dube shi da tausayi ya ce, "Da bakinka ka ba ta, ba ta zalunce ka ba. In na ƙwace mata don ina tausayinka, gobe sai a ƙwace maka don ana tausayin wani. Wannan ba zan yi ba." Makau ya ji kamar ƙasa ta buɗe ya shige. Alƙali ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Amma sawu ka ba ta, sawu ta share. Abin da hannunka ya ƙulla bai shiga cinikin ba. Koma gida."

Kafin ya ƙifta ido sai ga shi a gindin rijiyar Kwarin Ɗinya. Ya kife ƙwarya a kan ido yadda kakanni suke yi. Ruwa ya ɓulɓulo ta gefenta, ya ɗauke shi ya yi sama da shi har baki. Ya ji Raɓa daga ƙasa tana cewa, "Ni dai ban manta ka ba, mai basilla." Daga nan bai sake jin muryarta ba.

Tsuntsaye suka fara dawowa, makiyaya suka gani suka kai labari. Wata safiya yana zaune a ƙofar gida sai ga mace tafe da kaya a ka da goyo a baya, ta riga kowa. Tasalla ce. Ya miƙe zumbur. Ta rusuna ta ce, "Sannu, bawan Allah. Baƙo ne? Kai ke share kabarin mahaifiyata? Allah ya saka." Ta wuce shi ta shiga gida.

Gari ya cika kamar da. Ya gwada faɗa wa wani tsohon maƙwabcinsa ko shi wane ne, mutumin ya yi dariya ya ce rana ta taɓa baƙon nan. Makau bai sake gwadawa ba. Ya bar wa Tasalla gidan, ya kafa 'yar rumfa kusa da rijiya yana ɗinkin ƙwarya. Kullum yana ganinta tana jan ruwa tana raha da mata. Ya sami abin da ya nema, kuma kaɗaicin da yake ji yanzu a tsakiyar mutane ya fi na lokacin ƙadangaru ciwo.

Ran nan da la'asar ta zo rumfarsa da wata ƙwarya. Ta ce, "Malam gyartai, ta mahaifiyata ce, ta ƙara tsagewa a hanya. Don Allah a lallaɓa ta." Ya san ƙwaryar sarai, ga ma tsohon ɗinkinsa a ɗaya gefen. Ya ɗinke tana tsugune tana kallo. Da ya zo ƙarshe ya zagaya ya sake zagayawa, ya komo ta ƙarƙashi ya ja.

Tasalla ta kama hannunsa ta ce, "Tsaya. Sake yi in gani."

Ya warware ya sake. Ta juya ƙwaryar ta dubi tsohon ɗinkin, ta jawo igiyar gugarta ta nuna masa inda ta ɗaure. Ƙulli iri ɗaya ne. Ta ce, "Duk garuruwan da muka zauna ba mai irin ƙullin nan sai ni, har mijina yana mini dariya. Ban san wanda ya koya mini ba, kuma duk ranar da na yi shi sai in ji kuka yana zo mini. Wane ne kai?"

Ya ce, "Ni na kama hannunki na koya miki, kina 'yar ƙarama, a ƙofar gidan can. Kika yi ta ɓatawa kina fushi."

Ta daɗe tana duban fuskarsa, hawaye na zuba. Ta ce, "Wallahi ban tuna ka ba. Na duba zuciyata, wurin a share yake. Amma wuri ne babba, ya kuma daɗe yana mini ciwo." Ta tashi ta ɗebo ruwa a ƙwaryar, ta durƙusa ta miƙa masa da hannu biyu. Yana sha ta tattara basilla da zare ta zuba a jakarsa ta rataya.

Ta ce, "Tashi mu tafi gida, Baba. Ka faro mini tun daga ranar da aka haife ni. Wannan karon zan riƙe."

Makau ya miƙe ya bi bayanta, yana tafe yana faɗa mata cewa ranar Salla ce, da hantsi, ana yayyafi.